Nazarin Jituwar Amo a Kiɗan "So What" na Miles Davis: Jagora ga Mai Ƙirƙira a Fage

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin yadda aka gina jituwar amo a cikin wani kiɗan jaz mai suna "So What", wanda Miles Davis da abokan kiɗansa suka ɗauka a faifai cikin shekarar 1959, sa'an nan ta nuna abin da mai busa ko mai kiɗa yake bukatar sani kafin ya shiga fage ya ƙaga nasa karin a kansa. Mun zaɓi wannan kiɗa ne saboda dalilai biyu. Na farko, shi ne aka fi kafa misali da shi duk lokacin da ake maganar irin jaz ɗin nan da ke zaune a kan tsani ɗaya na amo. Na biyu kuwa, gininsa ya yi kusa ƙwarai da abin da kunnen ɗalibanmu ya saba ji a wajen masu goge da kukuma da gurmi.

Akwai wata matsala da ta sa muka ga wajibi ne a yi wannan nazari. Darasin jituwa, yadda littattafan Turai suka tsara shi, yakan fara ne da sauye-sauyen amo daga do zuwa fa zuwa so a komo do. Ɗalibin da ya tashi a kan wannan kaɗai sai ya ɗauka cewa duk kiɗan da ba ya irin wannan sauyi kiɗa ne maras zurfi, ya shiga raina kiɗan gidansu. In kuwa aka ce ya ƙaga kari ba tare da takarda a gabansa ba, sai hannu ya riƙe. Ra'ayinmu a nan shi ne, ɗalibin da ya girma yana jin goge ya riga ya mallaki fiye da rabin abin da "So What" ke nema, abin da ya rage masa abu uku ne kacal, waɗanda za mu fito da su ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Kalmomin da Muka Yi Amfani da Su

Da yake ba a daidaita kalmomin wannan fanni cikin Hausa ba tukuna, ya kamata mu fara bayyana waɗanda muka zaɓa, muna kuma gabatar da su ga wannan taro don a tattauna.

(a) Amo: sauti guda mai tsayayyen kaifi ko kauri. Za mu kira amo da haruffan C, D, E, F, G, A, B, waɗanda a karatun do-re-mi su ne do, re, mi, fa, so, la, ti.
(b) Rabin taki: tazara mafi ƙanƙanta a kan fiyano, watau daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi. Rabin taki biyu su ne taki ɗaya. Alamar ♭ tana nufin an sauko da amo rabin taki, alamar ♯ kuwa an ɗaga shi rabin taki.
(c) Hawa: tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama, kamar daga D zuwa D na gaba. Rabin taki 12 ke cikin hawa ɗaya.
(d) Tsani: jerin amon da kiɗa ke amfani da su cikin hawa ɗaya.
(e) Gida: amon da kunne ke jin kiɗa ya sauka ya huta a kansa.
(f) Dami: amo uku ko fiye da aka buga lokaci guda.
(g) Ƙafa: rukunin bugu huɗu. Mun aro wannan kalma daga ilmin aruli.
(h) Zango: ƙafa 8. Zagaye kuwa shi ne kiɗan tun daga farkonsa har ƙarshensa sau ɗaya.
(i) Take: karin da aka tsara tun kafin a shiga fage, wanda da shi ake gane kiɗan.
(j) Ƙirƙira a fage: ƙaga sabon kari a daidai lokacin da ake kiɗan.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Kiɗan

An ɗauki "So What" ranar 2 ga Maris, 1959, a ɗakin ɗaukar faifai na kamfanin Columbia da ke birnin Niyok a Amurka. Shi ne kiɗa na farko a faifan nan mai suna Kind of Blue, wanda ya fito cikin watan Agusta na wannan shekara. Mutum shida ne suka yi shi: Miles Davis da ƙaho, John Coltrane da babban saksafon, Cannonball Adderley da matsakaicin saksafon, Bill Evans da fiyano, Jimmy Cobb da ganguna, sai Paul Chambers da bas, watau ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗawa da yatsu.

Ba za a gane sabon abin da suka kawo ba sai an duba abin da suka tarar. Tun daga shekarun 1940 salon da ake kira bebop ke tashe, kuma shi kansa Davis a ƙungiyar Charlie Parker, jigon wannan salo, ya goge. A bebop ana yawan sauya dami sau biyu cikin ƙafa ɗaya, dole kuma mai ƙirƙira ya bi kowane dami da amon da ya dace da shi, kamar mai gudu a cikin lungunan tsohon gari, kowane taku da kwana. Coltrane ya kai wannan hanya maƙura a kiɗansa "Giant Steps", wanda ya ɗauka cikin watan Mayu na 1959, inda aka cusa dami 26 cikin ƙafa 16. "So What" kuwa ƙafa 32 ne, amma tsani biyu kawai ke cikinsa. Abin lura ne cewa mutum ɗaya ya busa kaɗe-kaɗen nan biyu, tsakaninsu wata biyu.

Tunanin gina kiɗa a kan tsani ya samo tushe daga wurare da dama. George Russell ya wallafa littafi a kan dangantakar dami da tsani cikin 1953, Davis kuma ya jarraba hanyar a kiɗansa "Milestones" cikin 1958. Har ila yau, a littafin tarihin rayuwarsa na 1989, Davis ya ambaci yadda wasan ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa ta ƙasar Gini, Les Ballets Africains, ya taɓa shi, da yadda ya yi ƙoƙarin kamo sautin wani ɗan abin kiɗansu na Afirka da ake kaɗawa da manyan yatsu.

4.0 Ginin Kiɗan

4.1 Zanguna

Bayan 'yar shimfiɗa ta fiyano da bas wadda ba ta bin ƙidayar bugu, kiɗan ya kasu zango huɗu kamar haka:

Zango na 1, ƙafa 1 zuwa 8: gida D
Zango na 2, ƙafa 9 zuwa 16: gida D
Zango na 3, ƙafa 17 zuwa 24: gida E♭
Zango na 4, ƙafa 25 zuwa 32: gida D

Zagaye ɗaya ke nan, bugu 128, abin da a faifan 1959 yake ɗaukar kusan minti ɗaya. Taken kiɗan kira ne da amshi. Bas ne ke kira, abin da ba a saba gani ba a jaz na wancan zamani, fiyano kuma ya amsa da dami biyu, na farko dogo na biyu gajere, daga baya masu busa su shigo cikin amshin. Waɗannan dammuna biyu ne mai sauraro ke ji kamar suna faɗin sunan kiɗan, wanda a Hausance ma'anarsa "To, sai me?" Bayan take sai Davis ya yi zagaye biyu na ƙirƙira, Coltrane biyu, Adderley biyu, Evans ɗaya, kana a komo kan take a rufe.

4.2 Tsanin Doriyan

Tsanin da aka yi amfani da shi ana kiransa Doriyan. In an fara daga D aka bi fararen maɓallan fiyano kawai, za a sami D, E, F, G, A, B, C, D, watau re, mi, fa, so, la, ti, do, re. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce taki, rabi, taki, taki, taki, rabi, taki. Abu uku ne suka ba wannan tsani kamanninsa.

Na farko shi ne amo na uku, F, wanda ke rabin taki 3 daga gida. Shi ke ba kiɗan nauyi da natsuwa irin na ƙaramin tsani, wanda Turawa ke dangantawa da jimami.

Na biyu shi ne amo na shida, B. A ƙaramin tsanin da aka saba koyarwa, B♭ ake samu a wannan gurbi, wanda ke jingine da A yana neman faɗawa kansa. A Doriyan an ɗaga shi rabin taki, sai ya tsaya da ƙafarsa, ya shigo da ɗan haske cikin nauyin da F ya kawo. Wannan amo shi ne tambarin Doriyan. Wanda ya yi zagaye guda bai taɓa shi ba, bai yi kuskure ba, amma fa ya yi miya ba daddawa. Kiran da bas ke yi a cikin take ma ta kansa yake bi sa'ad da yake hawa daga A.

Na uku shi ne amo na bakwai, C, wanda ke ƙasa da gida da cikakken taki. A jituwar Turai akan sa C♯ a nan, domin ya matso kusa da D ya riƙa jan kunne zuwa gida da ƙarfi. Rashin wannan ja shi ya sa "So What" ke iya zama wuri ɗaya tsawon ƙafa 16 ba tare da kunne ya ƙosa yana jiran a rufe magana ba. A nan gida yana tabbata ne ta hanyar maimaitawa: bas yana yawan komawa kan D da A, mai ƙirƙira kuma yana sauke jimlolinsa a kansu.

4.3 Dammunan Amshi

Dami na farko na amshi, daga ƙasa zuwa sama, shi ne E, A, D, G, B. Na biyu shi ne D, G, C, F, A, watau siffar farko ce aka sauko da ita taki ɗaya. In muka ƙidaya tazarar da ke tsakanin amon kowane dami, za mu sami rabin taki 5, 5, 5, 4. Wanda ya san jita zai lura cewa dami na farko daidai yake da tsirkiya biyar masu kauri na jita in an kaɗa su ba a danne ba.

Damin da aka saba koyarwa, kamar D, F, A, ana jera shi ne da tazarar rabin taki 3 ko 4, kuma da jinsa kunne ya san asalinsa da inda ya dosa. Wanda aka jera da tazarar 5 kuwa ba ya nuna alƙibla, yana nan a buɗe, don haka kowane amo na tsanin zai iya zama a kansa ba tare da karo ba. Bugu da ƙari, in aka haɗa amon dammunan nan biyu wuri ɗaya, za a tarar duk amo bakwai na Doriyan sun hallara, ba ragi ba ƙari. Ashe ke nan amshin tsanin ne kansa aka raba biyu aka ɗaure.

Wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga manufarmu shi ne, kowane ɗaya daga dammunan nan, in aka kwance shi aka jera amonsa cikin hawa ɗaya, tsani ne mai amo biyar wanda babu rabin taki a cikinsa. Na biyu ya ba mu D, F, G, A, C. Na farko ya ba mu E, G, A, B, D. Akwai kuma na uku da ke kwance cikin Doriyan, shi ne A, C, D, E, G. Za mu komo kan waɗannan a kashi na 5.0.

4.4 Ƙaura zuwa E♭

A ƙafa ta 17 komai da komai yana ɗagawa rabin taki. Sabon tsanin shi ne E♭, F, G♭, A♭, B♭, C, D♭. A kan fiyano, baƙaƙen maɓallai biyar ne duka, haɗe da farare biyu, F da C. Ko da yake tazarar ƙaurar ita ce mafi ƙanƙanta, sauyin da kunne ke ji babba ne, domin amo biyar cikin bakwai sun sake. F da C ne kaɗai ke cikin tsanin biyu, sai dai matsayinsu ya sauya: F da yake na uku a gidan D ya zama na biyu a gidan E♭, C da yake na bakwai ya zama na shida, watau ya zama shi ne tambarin sabon tsanin. Waɗannan amo biyu su ne gada. Mai busa zai iya riƙe C tun daga ƙafa ta 16 ya ƙetare da shi zuwa ta 17, amon bai motsa ba amma ma'anarsa ta sake. Wannan ƙaura ita ce kaɗai aukuwar jituwa a duk faɗin kiɗan, don haka duk wanda ya wuce ta bai nuna ya san da ita ba, ya bar wurin da ya fi kowane daraja.

5.0 Kamanci da Kiɗan Hausa

Goge tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, a kan ƙwarya da aka rufe da fata. Mai goge yana ɗaure tsirkiyarsa daidai da muryar mai waƙa, kuma galibin karin da yake yi a kan amo biyar yake tafiya. Yana iya shafe tsawon lokaci yana juya gajerun jimloli, yana ƙawata su, yana nisa yana komowa gida, masu ƙwarya suna riƙe masa bugu, 'yan amshi suna cike masa gurbi. Wanda ya saurari gogen Garba Liyo, ko kukumar Ahmadu Doka da Hassan Wayam, ko gurmin Haruna Uji, ko kuntigin Ɗanmaraya Jos, ya san cewa zama a gida ɗaya bai taɓa hana gwani nuna gwanintarsa ba. Wannan kuwa ita ce ainihin tambayar da "So What" ya ɗora wa masu jaz a 1959: in an ɗauke maka sauye-sauyen dami, da me za ka riƙe mai sauraro? Makaɗanmu sun daɗe da amsa ta. Ana riƙe shi da sarrafa bugu, da maimaici mai ɗan sauyi, da adon amo, da sanin inda za a yi shiru.

Akwai masu jaz da suka biyo sawun wannan kamanci har ƙasar Hausa. Yusef Lateef, wanda ya yi busa a ƙungiyar Cannonball Adderley a farkon shekarun 1960, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi nazarin sarewar Fulani, ya ɗauki faifai a Legas cikin 1983, shi da Ziky Kofoworola kuma suka wallafa littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa cikin 1987. Haka nan Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da kiɗan bulus, ya kawo hujjojin cewa wasu siffofin kiɗan baƙaƙen Amurka sun fi kama da na yankin nan namu na Sudan ta tsakiya da ta yamma, inda ake da kayan kiɗa masu tsirkiya da waƙar mutum ɗaya mai yawan ado.

Duk da haka, ya kamata mu yi hattara. Kama da wane ba ta wane. "So What" kiɗan Amurka ne, an haife shi daga bulus da bebop da kuma karatun da Bill Evans ya yi wa mawallafan kiɗan Turai. Akwai kuma bambance-bambance na zahiri. Amon goge ba ya faɗawa daidai kan maɓallan fiyano, domin yatsa ne da kunne ke yanke tazararsa. Mai goge ba ya ƙidayar ƙafa 32, waƙa ce da fage ke gaya masa tsawon jimla. Kuma ba al'adarsa ba ce ya ɗaga gida rabin taki a tsakiyar kiɗa ya sake komowa. Daga nan ne muka fitar da abubuwa uku da suka rage wa ɗalibinmu: ƙarin amo biyu, E da B, a kan biyar da ya sani, ƙaura zuwa E♭ da komowa, da riƙe ƙidaya.

6.0 Wuraren da Mai Ƙirƙira Ke Tuntuɓe

6.1 Ɓatan ƙidaya

In an gama zagaye aka shiga wani, zango na 4 yana haɗuwa da zango na 1 da na 2 na sabon zagaye, sai a sami ƙafa 24 a jere, bugu 96, duk a gidan D. A nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata, su ƙaura kafin lokaci ko bayan lokaci. Maganinsa shi ne a riƙa tunani da zango, a ba kowane zango aikinsa: na 1 a gabatar da jimla, na 2 a faɗaɗa ta, na 3 a ɗaga ta, na 4 a sauke ta a rufe. Ya kamata kuma a saurari mai ganga, domin yakan sa alama a ƙarshen zango.

6.2 Sauya gida ba da niyya ba

Amon Doriyan na D su ne dai amon babban tsanin C, wanda hannu da kunnen ɗalibi suka fi sabawa da shi. Tsakanin F da B akwai rabin taki 6, kuma in aka jera G, B, D, F, kunne zai nemi a sauka kan C. Ɗalibin da ya bi wannan ja sau biyu ko uku ya mai da do gida, ya bar re, kiɗan kuma ya koma kamar waƙar makaranta. Don haka a riƙa sauke jimla kan D, F ko A, in an ƙware a gwada E da B, a bar C ya zama wurin ratsawa.

6.3 Hawa da saukar tsani

Da yake babu amon da ya haramta cikin bakwai ɗin, mai koyo yakan yi ta hawa da sauka kamar mai gwajin yatsu. Wannan ba magana ba ce. A saurari zagaye biyu na Davis: jimlolinsa gajeru ne, yawancinsu a kan D da F da A suke, tsakaninsu kuma akwai shiru mai faɗi wanda fiyano da ganguna ke cikewa. Sa'an nan a saurari Coltrane, wanda ke ɗaukar 'yar siffa guda ya yi ta juya ta da sauri sama da ƙasa, da Adderley wanda ya fi kusa da bulus. Tsani ɗaya ne, bakuna uku. Coltrane ya sake ɗaukar wannan gini na D da E♭ ya ɗora masa wani take a kiɗansa "Impressions", wanda aka ɗauka cikin 1961, da gudun da ya fi wannan nesa.

6.4 Rubutun kayan busa

Ƙaho da babban saksafon suna fitar da amo ƙasa da abin da aka rubuta musu, don haka masu su za su karanta Doriyan na E, mai F♯ da C♯, a zango na 3 kuma Doriyan na F. Mai matsakaicin saksafon zai karanta Doriyan na B, sa'an nan na C. Malamin da ya manta da wannan zai tara masu busa kowa da gidansa.

7.0 Shawarar Hanyar Koyarwa

Bari mu ɗauki ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi a matsayin misali. Ɗalibin da ya fito daga nan yana iya zuwa da kunne uku: na kaɗe-kaɗen gargajiyar Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, irin na bikin Uhola, na goge da kalangun Hausa, da na do-re-mi da badujala, ƙasar da ta yi suna wajen aikin soja. Irin wannan ɗalibi bai zo hannu rabbana ba, kuma daga abin da ya zo da shi ya kamata a fara. Muna ba da shawarar matakai shida.

Mataki na farko: a riƙe amon D da fiyano ko da muryoyin aji, ko a ɗauke shi a wayar hannu a sake shi, ɗalibi ya ƙaga gajerun jimloli da D, F, G, A, C kawai, da murya kafin abin busa.

Mataki na biyu: a ɗauko jimlolin daga harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, kuma sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan ɗan sauko. "Sannu da zuwa" tana tafiya ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ana iya busa ta F, A, E, G, D. "Lafiya lau" tana tafiya sama, sama, ƙasa, sama, ana iya busa ta A, A, F, G. Mai kalangu da wannan hanya yake magana, ɗalibin da ya bi ta kuwa ba zai faɗa cikin matsalar 6.3 ba, domin numfashin magana zai yanke masa jimla. Mai jin C'lela ya gwada da harshensa, shi ma harshe ne mai karin sauti.

Mataki na uku: a matsa zuwa tsani mai amo biyar na A, wanda zai shigo da E, sa'an nan na E, wanda zai shigo da B. Ta haka ɗalibi zai mallaki amo bakwai ba tare da ya bar siffar da hannunsa ya sani ba.

Mataki na huɗu: a raba aji biyu, kashi ɗaya su rera amshin dami biyu a ƙarshen kowace ƙafa biyu, ɗaya ɗalibi ya yi kira a tsakani.

Mataki na biyar: a koyi ƙaura. A ɗaga jimlar da aka sani rabin taki, alal misali F, A, E, G, D ta koma G♭, B♭, F, A♭, E♭. Daga nan a gwada ƙetarewa ta kan F ko C.

Mataki na shida: a yi zagaye uku a jere ba tsayawa, wani yana buga ƙwarya yana sa alama a kan kowane zango, har ƙidaya ta zauna a jiki.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa jituwar "So What" ta ginu ne a kan tsanin Doriyan mai gida D, da dami biyu waɗanda tsanin ne aka raba, da ƙaura guda ta rabin taki a zango na 3. Mun kuma ga cewa a cikin wannan tsani akwai tsani uku masu amo biyar, irin waɗanda kunnen mai sauraron goge da kukuma ya saba da su. Saboda haka muna kira ga malaman kiɗa na kwalejojinmu da su fara darasin ƙirƙira daga tsani da gida kafin su kai ga sauye-sauyen dami, su kuma riƙa gayyato masu goge da masu sarewa cikin aji a matsayin malamai. Muna kuma roƙon wannan taro ya duba kalmomin da muka kawo a kashi na 2.0, ya gyara na gyarawa, sa'an nan a ɗauki nauyin naɗar kaɗe-kaɗen ƙasar Zuru da auna tsaninsu, domin misalan da za a koyar da su nan gaba su fito daga gida.